Yadda ake gane addar ado ta Mekziko kafin a saye ta

Mai sayarwa zai rantse maka cewa addar ta ga juyin juya halin Mekziko na 1910, ko ta fito daga hannun sojan Pancho Villa, ɗaya daga cikin jagororinsa. Akasarinsu kuwa tsarabar 'yan yawon buɗe ido ce ta ƙarni na 20. Wannan bai rage musu kyau ba, amma ya kamata ya rage kuɗin. Don haka bar labarin, ka binciki ƙarfen.

Fara da gindin ruwan addar, kusa da ƙota. Nan maƙeri ke buga sunansa ko na garinsu. Garuruwan da suka yi suna su ne Ocotlán de Morelos a jihar Oaxaca, Sayula a Jalisco, da Amozoc a Puebla, inda ake dasa azurfa cikin ƙarfe. In ka ga "Hecho en México" (an yi a Mekziko) ko "Recuerdo de" (tsarabar) da sunan wani gari, galibi ta kasuwar tsaraba ce. In kuma tambarin Collins ne da kalmar "Legitimus", to ruwan na kamfanin Collins ne na jihar Connecticut a Amurka, wanda aka rufe masana'antarsa ta can a 1966. Amma ƙota da kube za su iya zama aikin hannu na Mekziko.

Sai zanen, kuma nan ya kamata ka ɓata lokaci. Bi shi da farce. Wanda aka sassaƙa da hannu yana da zurfi, layukansa ba su zama daidai wa daida ba. Wanda asid ya ci kuwa shimfiɗe yake, ƙasansa garas-garas, domin shafe ƙarfen ake yi da abin kariya, a kankare zanen, asid ya cinye wurin da aka buɗe. Yawancin na Oaxaca haka suke, kuma ba aibu ba ne. Za ka riƙa cin karo da mikiya bisa ƙaya tana cin maciji, da kirari cikin Sifaniyanci. Wanda ya fi yawo shi ne "No me saques sin razón, ni me envaines sin honor", wato kada ka zare ni ba dalili, kada ka mayar da ni kube ba daraja. Tsohon kirarin takubban Sifaniya ne da har yau ake kwafa, saboda haka bai nuna shekaru.

Ƙota takan zo da kan mikiya. Ƙaho, ƙashi da tagulla sun fi alminiyam da roba daraja a wurina. Girgiza ta, in tana rawa, nemi ragi.

Duba kube ma, ko tsawonsa ya dace da ruwan, don 'yan kasuwa kan haɗa wannan da wancan.

Bayan ka saya, kada ka kusance ta da sanfefa ko injin wasa wuƙa, zanen zai tafi. Goge tsatsa da tsumma da ɗan mai kawai, sannan ka ajiye ta a wajen kubenta, domin fata na riƙe danshi.