Yadda za ka tayar da tsohuwar talabijin mai ƙusumbi

In ka samu tsohuwar talabijin, irin National ko Sharp ko Philips ɗin nan masu akwatin katako da ƙofa da ake ja a rufe, ko a ɗakin ajiyar gida ko wajen 'yan gwangwan a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, don Allah kar ka yi gaggawar jona ta da wuta. Da yawa cikin waɗanda suka mutu murus a hannun sabon mai su haka suka mutu, an kawo gida an soka a soket, sai ƙauri da hayaƙi.

Tun wajen saye abin da za ka fara dubawa shi ne tub ɗin, wato ƙaton kwalban gilashin da hoto ke fita a kansa. Leƙa ta baya ka ga siririn wuyansa, in ya tsage ko ya karye to ka haƙura kawai, iska ta riga ta shiga kuma yanzu ba a ƙera sabo. Sauran kayan ciki kusan duk ana samun madadinsu. Sannan karanta takardar da ke manne a baya. Tamu wutar bolt 230 ce, 'yar Amurka 120 take sha, ta cikin gida Japan 100, waɗannan sai da taransfoma mai rage wuta, kuma tsarin kalarsu NTSC ne alhali Najeriya PAL aka yi amfani da shi, Nijar kuma SECAM, shi ya sa wata za ta kawo maka hoto amma ba kala.

Yanzu maganar da ta fi komai. Tub ɗin mai kala yana aiki da wuta wajen bolt 25,000, kuma yana riƙe caji ko bayan an cire filogi da kwanaki. Akwai wata jar waya mai kauri da ta fito daga filaibak, wato taransfomar da ke samar wa tub wannan babbar wutar, ta ƙare da roba kamar faifai manne a jikin tub ɗin, nan ne haɗarin. Masu gyara suna ɗaura waya a jikin sukudireba mai mariƙin roba, ɗaya bakin a jikin wayar ƙarfen da ta zagaye bayan tub, sai su zura bakin sukudireban ƙarƙashin robar a hankali da hannu ɗaya har a ji tas. In ba ka taɓa gani an yi ba wallahi ka je wajen tsohon mai gyara ya yi a gabanka tukuna, ni dai ba zan ce wa kowa ya koyi wannan daga karatu ba.

Bayan nan sai shara. Buroshi mai laushi da abin hura iska, ba ruwa, ka fitar da ƙura da kashin kyankyaso, ka duba ko ɓera ya ci waya. Kafasitoci, 'yan gwangwanayen nan masu riƙe caji, su ne suka fi lalacewa da tsufa, duk wanda kansa ya kumbura ko ya zubo da wani abu kamar tsatsa a gindinsa canza shi da mai lamba iri ɗaya, kuma ka kula da ƙafar fulas da mainas kar ka juya. Juya allon da kayan ke manne a kai ka duba dalma, musamman ƙafafun filaibak da kayan da ke ɗaukar zafi, za ka ga wani siririn zobe ya tsage kewaye da ƙafar, sake narka masa dalma.

Ranar kunnawa ka haɗa kwan fitila mai zare, mai wat 100, a jere kan wayar wutar. In ya haska ya dushe, madalla. In ya tsaya da haske fes to akwai shot a ciki, wato wuta ta haɗu inda bai kamata ba, kashe ka koma bincike, kwan ya ceci kayanka.

Hoto ya takure ya zama layi ɗaya a kwance? Kashe da sauri kar ya ƙona fuskar gilashin, matsalar sashen batikal ce, mai shimfiɗa hoto daga sama zuwa ƙasa. Tabon kore ko shuɗi a gefe kuwa yawanci maganaɗisu ne, matsar da sifika daga kusa da ita.

Abin kallo kuma, sai ka nemi dikoda ko DVD mai jar waya da fara da rawaya. In ramin eriya kaɗai gare ta ka sayi modileta, ɗan akwatin da ke mayar da hoton dikoda ko DVD ya shiga ta ramin eriya, ka jona a tsakani, ka murɗa tuna har ka kama tashar.