Yadda za ka sayi azurfar Buzaye a Yamai ba a cuce ka ba

In kana son kuros ɗin Agadas, abin adon wuya na Buzaye, ko gidan laya na azurfa, wanda Buzaye ke cewa cerot, kar ka tsaya wajen masu yawo da kaya a hannu, wuce cibiyar masu sana'ar hannu ta Wadata ko gidan tarihi na Bubu Hama inda maƙeran suke zaune kana ganin aikin da idonka.

Ka fara juya bayan abin, da yawan maƙeran suna zana sunansu da Tifinag, rubutun Buzaye. Sannan ka kanga masa mayen ƙarfe, in ya manne to ba azurfa ba ce, amma fa rashin mannewa ba hujja ba ne don farin ƙarfe ma baya kamawa, sai ka sa a auna maka giram nawa ne a yi ciniki a kai. Kuros ɗin kala 21 ne, Tawa ma tana da nata, ka tambayi na wane gari ne.

Gidan laya kuwa sabo fanko ake sayar da shi, malam ne zai rubuta ayoyi a naɗe a sa ciki. Tsoho mai rubutun wani ni dai bana saye gaskiya.

In azurfar ta yi baƙi, toka da ɗan lemun tsami, ka goge da tsumma mai laushi.