Kar ku sake yankar tikitin jirgi babu lambar makinku a jiki

Salam 'yan'uwa, musamman ku da kuka sauka kwanan nan, ɗalibai da ma'aikatan jinya da masu aikin kula da tsofaffi da amaren da suka biyo mazajensu. Na san yanzu hankalinku yana kan neman ɗaki da buɗe akawun ɗin banki da sayen jaket mai kauri kafin sanyi ya kankama, amma akwai wani ɗan abu da minti biyar ya ishe ku ku yi shi a waya, kuma da wuya ka samu wanda zai zaunar da sabon zuwa ya gaya masa. Maganar makin tafiya nake yi, abin nan da ake ce wa mayil, wanda kamfanin jirgi yake tara wa mutum duk lokacin da ya hau jirginsu.

Ni sai da na shekara huɗu a Ingila ina zuwa Kano duk shekara ban taɓa yin rajista ba, a zatona abin na manyan 'yan kasuwa ne masu zama a gaban jirgi. Wani abokin aikina ɗan Pakistan ne ya karɓi wayata a wurin cin abinci ya buɗe min, ya ce duk tikitin da zan yanka in tabbata lambar nan tana jiki. Ranar da na san amfaninsa, wajen ƙarfe biyu na dare Yaya ya kira ni ya ce jikin Hajiyarmu ya yi tsanani, in da hali in taho. Ina tsaye a kicin hannuna yana rawa na duba kuɗin tikitin washegari, wallahi ya kusa albashina na wata, ga kuɗin haya ban biya ba. Sai na tuna da makin, na shiga manhajar na tarar da kujera ɗaya ta kwana biyu masu zuwa, na biya haraji da kuɗin da ya hau kai, na tafi. Na same ta da ranta, na yi jinyarta kwana tara. Shi ya sa in na ga yaro ya sauka daga jirgi ya jefa takardar shiga jirginsa a kwandon shara sai in ji abin har raina.

To wannan takardar kar ka yar da ita, har da imel ɗin tikitin da ka zo da shi. Yawancin kamfanoni suna ba da dama ka nemi makin tafiyar da ta wuce, da yawansu cikin wata 6, kuma akwai masu karɓar tafiyar da ka yi gab da yin rajista, don haka tafiyar da ta kawo ka ɗin nan tana iya zama jarinka na farko in ka yi sauri. Rajista kyauta ce a kusan duk kamfanoni, ba sai ka biya ko sisi ba.

Abin da mutanenmu suka fi yin kuskure a kai shi ne warwatsa maki. Bana ka hau na Masar, baɗi na Habasha, wata shekarar na Turkiyya, kowanne ka buɗe masa nasa akawun, ƙarshe kana da dubu uku a nan dubu biyar a can, babu wanda zai iya kai ka ko Abuja. Alhali waɗannan ukun duk 'yan ƙungiya ɗaya ne. Manyan kamfanonin jiragen duniya sun kasu gida uku. Akwai Star Alliance da aka kafa a 1997, a ciki akwai Ethiopian da EgyptAir da Turkish da Lufthansa da United da Air Canada. Akwai oneworld, wato British Airways da Qatar Airways da American da Royal Air Maroc wanda ya shigo a 2020. Sai SkyTeam, su Air France da KLM da Delta da Kenya Airways da Saudia, Virgin Atlantic ma ya shiga a 2023. Ma'anar haka ita ce in kana da lambar Miles&Smiles ta Turkish, za ka iya saka ta a tikitin Ethiopian ko na EgyptAir makin ya faɗa wuri ɗaya, kuma in ya taru ka yanki tikitin kowannensu da shi. Emirates shi ba ya cikin ko ɗaya, nasa Skywards daban yake, haka Air Peace da ya fara zuwa Landan daga Legas a 2024.

Shawarata ka fara tambayar kanka a ina kake sauka in za ka gida, daga nan ka zaɓa. In ɗan Kano ne kai ko Katsina ko Jigawa kuma ba ka son wahalar sauka a Legas ka sake neman jirgin cikin gida da akwatuna huɗu, jiragen da suke sauka a filin Malam Aminu Kano su ne abin dubawarka, Ethiopian ta Adis Ababa, EgyptAir ta Alƙahira, ga Qatar da ya fara zuwa Kano a 2022. Biyun farko 'yan Star Alliance ne, to ka ga lamba ɗaya ta wadatar. In Abuja kake sauka kana zaune a Ingila, ni a ganina makin da ake kira Avios ya fi maka, saboda British Airways da Qatar da Iberia duk shi suke amfani da shi kuma kana iya tura shi daga wannan akawun zuwa wancan ɗaya bisa ɗaya ba ragi. 'Yan'uwanmu na Nijar da suke Faransa da Beljiyam da yawansu Flying Blue, tsarin makin Air France da KLM, suka saba da shi, amma tun 2023 Air France ya daina zuwa Yamai, to mai zuwa Yamai ko Maraɗi ko Damagaram gara ya duba Turkish ko Ethiopian ko Royal Air Maroc. Na Amurka kuma akwai Delta daga Atlanta zuwa Legas, akwai United daga Washinton.

Sai maganar suna, don Allah ku kula da wannan sosai. Sunan da ka rubuta a rajista dole ya zama daidai da na fasfo harafi da harafi. Mu ne masu Muhammad a fasfo, Mohammed a katin banki, Muh'd a takardar makaranta, wani kuma sunan garinsu ne a matsayin sunan mahaifi, wani ejan ya juya masa na farko ya koma na ƙarshe. Ni kaina tafiya biyu makina bai shiga ba saboda an rubuta Abdullahi a tikiti ni kuma na sa Abdallah a akawun, sai da na yi ta aika hoton fasfo kusan wata biyu kafin aka gyara, ɗaya tafiyar ma lokacinta ya riga ya wuce. Amare kuma da suka canza zuwa sunan miji, ku bar shi yadda yake a fasfon da kuke tafiya da shi. In ejan ne yake yankar maka tikiti ka ba shi lambar, sannan ranar tafiya ka duba takardar shiga jirgin da idonka ka ga lambar ta fito, in babu ka ce wa na kan kanta ya saka kafin ka wuce.

Kar kuma ka ɗauka nisan tafiya ne kaɗai lissafi, wannan zamanin ya wuce a kamfanoni da yawa. British Airways tun ƙarshen 2023 kuɗin da ka kashe suke dubawa, mai matakin farko Avios 6 a kowane fam ɗaya, ban da harajin gwamnati. Misali ka yanki tikitin fam 700, in fam 500 ne ainihin kuɗin kamfani to Avios 3,000 za ka samu. Flying Blue maki 4 ne a kowane yuro. Sannan kowane tikiti yana da wani harafi da yake nuna ajinsa, mafi arahar nan wani lokacin kwata suke bayarwa, wani lokacin ba komai, musamman in ka saka lambar wani kamfanin daban. Tikitin jirgin shata irin na jigilar alhazai shi galibi ba ya ba da maki.

Kenan da tafiya ɗaya a shekara kaɗai za ka daɗe ba ka tara na tikiti ba, gaskiyar magana kenan. Abin da yake cika tulun shi ne cefanen yau da gobe da kuma garaɓasa. A Ingila in kana sayayya a Sainsbury's ko Argos makin katin sayayyarsu na Nectar yana komawa Avios, 400 ya ba ka 250, na Tesco Clubcard kuma yana komawa makin Virgin. Kamfanonin suna da shafin da in ka bi ta cikinsa ka shiga kantin da dama can za ka yi sayayya a intanet, sai su ƙara maka maki, farashin kaya bai canza ba. Ranar da za ka sayi laftof ko firji ko kayan sallar yara ka bi ta nan. Otal da hayar mota duk haka. Su kuma imel ɗin da suke turowa kar ka riƙa gogewa ba ka karanta ba, a ciki ake sanar da ninkin maki a wata hanya ko na wani wata, kuma da yawansu sai ka danna ka shiga garaɓasar kafin ka yanki tikiti, in ka yanka tukuna ka dawo daga baya ba za su ba ka ba. Flying Blue duk farkon wata suna fitar da jerin garuruwan da suka rage wa maki, galibi kashi 25 cikin ɗari. Ɗalibai ku duba Student Club na Qatar, akwai rangwame akwai ƙarin kilo, kuma duk wanda ya taɓa tsugunawa a gaban sikeli yana cire kilishi da daddawa da yaji daga akwati don ta dawo kilo 23 ya san darajar ƙarin kilo.

Mai iyali ya buɗe wa kowa nasa har yara, sannan ya haɗa su. British Airways suna da asusun gida na mutum har 7, Qatar da Emirates da Turkish duk suna da irin nasu. Kai da madam da yara uku in kuka je hutu gida sau ɗaya, makin mutum biyar ne ya shiga tukunya ɗaya.

Za ku ji ana ta zuga katin bashi, wai ka buɗe ka kashe kaza cikin wata uku a ba ka dubban maki. Gaskiya ne nan ne maki mai yawa yake, amma ni ba zan tura sabon zuwa can ba. Na farko ba ka da tarihin bashi a ƙasar, suna iya ƙin ka kuma neman da ka yi ya zauna a fayil ɗinka. Na biyu in ka makara da biya ko na wata ɗaya ruwan da zai hau kanka ya cinye darajar makin har ya wuce. Na uku maganar riba ce, malamai sun yi saɓani a kan sa hannu a yarjejeniyar da take da sharaɗin ruwa ko da kana biya duka a kan lokaci, to ka samu malamin da ka yarda da iliminsa ka tambaye shi kafin ka cike fom, kar kwaɗayin tikiti ya sa ka shiga abin da zuciyarka ba ta natsu da shi ba. Na san mutane da yawa da ba su taɓa riƙe katin bashi ba kuma suna zuwa Umara da maki.

Wajen kashewa kuma, tikitin maki ba kyauta ba ne gaba ɗaya. Za ka biya haraji da kuɗin da kamfani ya ɗora, kuma tashi daga Ingila harajinsa yana da nauyi, wani lokacin ɗaruruwan fam ne. Kullum ka buɗe shafi biyu, ɗaya farashin kuɗi ɗaya na maki, ka cire ka ga nawa makin ya rage maka. In watan Fabrairu ne tikiti yana araha biya da kuɗi ka adana makinka. Inda yake da rana shi ne lokacin da tikiti ya yi tashin gwauron zabo, ko tafiyar gaggawa, ko tafiya ɗaya ba dawowa, ko ka yankar wa Mama ta zo ta ga jika, don ana iya yankar wa wani da makinka. Sai dai kujerun maki 'yan kaɗan ne a kowane jirgi, na Disamba da na Sallah da na goman ƙarshen azumi zuwa Jidda da Madina tun da wuri ake kwashe su. British Airways kwana 355 kafin tafiya suke sakin nasu, masu sani a daren suke zaune suna jira. In ba ka samu Juma'a ba gwada Talata, in babu Kano gwada Abuja. Abin da ban so shi ne a ƙona maki a sayen turare ko agogo a cikin jirgi, nan ne darajarsa ta fi faɗuwa.

Maki yana mutuwa, wannan ma a sani. Avios in ya yi wata 36 ba abin da ya shiga ba abin da ya fita, ya tafi, amma ko ɗan Nectar ka juya lissafin ya koma farko. Flying Blue shekara 2 ne. Na Turkish da na Emirates wajen shekara 3 ne daga lokacin da ka same shi ko kana motsa akawun ɗin ko ba ka yi. Na Delta ba ya mutuwa. Kuma kamfani yana iya wayar gari ya ƙara yawan makin da ake buƙata, to ni abin da nake yi, ina ajiye daidai na tikiti ɗaya zuwa gida saboda irin kiran nan na tsakar dare, abin da ya ɗoru a kai in kashe shi.

Masu tallar maki a guruf-guruf na WhatsApp da suke cewa ka turo rabin kuɗi su yankar maka biznes, ku guje su. Sayar da maki ya saɓa ƙa'idar kamfanonin, wani ma daga akawun ɗin da aka yi wa kutse aka sato shi, sai ka isa filin jirgi da kayanka a ce an soke tikitin, mai tallar kuma ya kashe waya. Naka akawun ɗin ka sa masa kalmar sirri mai ƙarfi wadda ba ka amfani da ita a Facebook, ka kunna tsarin nan da ake turo maka lamba a waya kafin a shiga, kuma kar ka ɗora hoton takardar shiga jirginka a sitatus, don lambobin da suke jiki sun isa wani ya buɗe bayanan tafiyarka.