Yadda ake ɗaukar buri a kai shi gaci ba tare da zuciya ta gaji ba

Duk wanda ya taɓa cewa "daga gobe zan fara" ya san yadda labarin ke ƙarewa. Satin farko da zafi, na biyu da ɗumi-ɗumi, kafin wata ya ƙare an koma gidan jiya. Mukan ɗora laifin a kan lalaci. Ni dai a ganina sau da yawa ba nan gizo ke saƙar ba. Mun tsara tafiyar ne ta yadda babu wani daɗi a cikinta sai ranar isa, ita kuwa zuciya ba ta iya yin wata bakwai tana jiran daɗin rana ɗaya.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe: matashin da ya gama koyon ɗinki a shagon maigidansa, yana son ya mallaki keken kansa. Kai sai ka cire keken ka sa naka, ko haddar izu biyar ce, ko jarrabawa, ko rage teɓa.

Mataki na farko, ka zaɓi buri ɗaya. Taura biyu ba ta taunuwa. Sannan ka tambayi kanka tsakani da Allah: wannan abin ni nake so, ko don kada a ce wane ya wuce ni ne? Burin da aka ɗauka don idon mutane yakan mutu da zarar mutanen sun daina kallo.

Na biyu, ka sa masa lamba da rana. Wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Edwin Locke da Gary Latham, sun shafe shekaru masu yawa suna nazarin wannan batu, shi Locke tun daga wajajen 1968. Abin da suka yi ta gani shi ne, mutumin da aka ba wa takamaiman aiki mai ɗan wuya ya fi wanda aka ce wa "yi iya ƙoƙarinka" taɓuka abin kirki. Dalilin a fili yake: iya ƙoƙari ba shi da ma'auni, ko kaɗan ka yi kana iya cewa ƙarfinka ke nan. Don haka telanmu ba zai ce "ina son in sayi keke" ya tsaya nan ba. A ƙaddara kuɗin keken naira 150,000 ne. Sai ya ce yana son ya riƙe shi kafin azumi ya kama, domin a lokacin ne ɗinkin Sallah ke yin yawa. Idan saura mako 30, lissafi ya fito: naira 5,000 duk mako. Mai son sauke Alƙur'ani ma haka zai yi. Bugun Madina shafi 604 ne. Shafi huɗu bayan kowace salla sun zama ashirin a rana, wato kusan juzu'i guda, a wata ɗaya an sauke. Wanda ba zai iya ba ya ɗauki shafi biyu a rana, cikin wata goma ya isa.

Na uku shi ne inda mutane suka fi ruɗewa, don haka zan ɗan daɗe a nan. An sha gaya mana cewa mu riƙa hango kanmu mun riga mun ci nasara, wai hakan zai ja mu zuwa gare ta. Hangen yana da daɗi, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Gabriele Oettingen, Bajamushiya mai koyarwa a Jami'ar New York, ta bi diddigin ɗaliban da ke dab da kammala jami'a, aka buga sakamakon a 2002. Waɗanda suka fi nutsewa cikin mafarkin samun aiki mai tsoka, su ne suka fi ƙarancin aika takardun neman aiki, kuma da aka waiwaye su bayan shekara biyu, ba su kai sauran samun tayin aiki da albashi ba. Zuciya ta riga ta sha romon nasarar a mafarki, sai jiki ya saki.

Ba cewa ake yi ka daina hange ba. Abin da Oettingen ta ba da shawara shi ne ka haɗa shi da kishiyarsa. Ka zauna minti biyar ka ga kanka a bakin kekenka, yadi a gaba, mai kaya yana jira. Ka bari daɗin ya ratsa ka. Sannan, kafin ka tashi, ka tambaya: mene ne a cikin halina zai hana wannan? Ba tsadar rayuwa ba, wannan kowa na fama da ita. Naka na kanka. Wataƙila kai mutum ne da kuɗi ba sa kwana a aljihunsa, ko ba ka iya cewa a'a idan aboki ya zo rance, ko kuɗin data na cinye rabin abin da ka samu. Ka kira abin da sunansa.

Na huɗu gajere ne, amma kada ka raina shi. Ka ɗaura wa kowace matsala amsarta tun kafin ta zo, da jimla mai "idan" da "to". Idan maigida ya sallame ni ranar Asabar da yamma, to kafin in isa majalisa zan kai zubi. Idan wani ya nemi rance, to zan ce kuɗina na hannun uwar adashi. Wannan dabara Peter Gollwitzer, wani masanin halayyar ɗan Adam, shi ne ya yi fice da ita, wanda kuma shi ne mijin Oettingen ɗin, ka ga gida bai ƙoshi da bincike ba ke nan. A wani gwaji da aka buga a 1997, an nemi ɗalibai su rubuta rahoto a lokacin hutun Kirsimeti. Waɗanda suka faɗi takamaiman lokaci da wurin da za su zauna su rubuta sun ninka sauran fiye da sau biyu wajen cika alkawari.

Yanzu ga jigon maganar, mataki na biyar: ka zuba daɗi a cikin hanyar kanta. Kaitlin Woolley da Ayelet Fishbach, a Jami'ar Chicago, sun duba mutanen da suka ɗauki ƙudurin sabuwar shekara. Da aka koma kansu bayan wata biyu, abin da ya fi nuna wanda zai ɗore shi ne yadda yake jin daɗin aikin, ba yadda yake ganin muhimmancinsa ba. Kowa ya san motsa jiki na da amfani, amma wanda ke fita ƙwallo da abokai da yamma ya fi wanda ke gudu shi kaɗai yana cije baki daɗewa a kai. Barbara Fredrickson kuma, wata masaniyar halayyar ɗan Adam, tun 1998, ta yi bayanin cewa tsoro da fushi kan taƙaita tunani ga abu ɗaya, gudu ko faɗa, amma nishaɗi da natsuwa da godiya kan buɗe shi, mutum ya ga hanyoyin da da bai gani ba, ya kuma ƙulla zumuncin da zai amfane shi gaba. Telan da ke tara kuɗi cikin ƙunci ba abin da yake gani sai abin da ya hana kansa. Wanda ransa ke sake shi ne zai tuna cewa ragowar ƙyallayen da ake zubarwa a shago za su yi hular jarirai ko jakar makaranta, a sayar a ƙara a zubi.

To yaya ake zuba daɗin? Ka haɗa aikin da abin da kake so: shirin rediyon da ba ka son ya wuce ka, ka mayar da lokacinsa lokacin ƙarin ɗinki. Ka nemi abokin tafiya, shi ya sa adashi ya fi asusu riƙe mutum, akwai ido, akwai raha, akwai kunyar a ce kai ne ba ka zuba ba. Sai dai ka roƙi a sa kwasarka kusa da lokacin sayen keken, kada kuɗi su zo da wuri su narke. Sannan ka sa ci gabanka inda ido zai gan shi. Ka zana gida talatin a bayan kalanda, duk Asabar ka cike ɗaya. Teresa Amabile ta Jami'ar Harvard da abokin aikinta sun karanta bayanan yau da kullum kusan 12,000 da ma'aikata 238 suka rubuta, suka tarar babu abin da ya fi faranta ran ma'aikaci kamar ya ga ya ɗan matsa gaba a aikin da ya dame shi, ko da taku ɗaya ne. Idan ka cike gida goma, ka yi wa kanka tukwici daidai aljihu, tsire ko fura mai sanyi, ka ce alhamdulillahi da baki. Kada dai tukwicin ya ci zubin mako mai zuwa.

Na shida, ka shirya wa ranar da za ka faɗi, don za ta zo. Biki zai taso, ko rashin lafiya, mako ya wuce ba ka zuba ko sisi ba. Haɗarin ba a makon yake ba, yana cikin muryar da za ta ce maka "ai dama kai ba ka iya komai". Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan sun bi mutum 96 masu ƙoƙarin kafa sabuwar ɗabi'a. A ƙiyasinsu, a tsaka-tsaki ana buƙatar kwana 66 kafin abin ya zama jiki, wasu 18, wasu har 254, kuma tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Nana A'isha ma ya nuna aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Saboda haka makon da 5,000 ta gagara, ka zuba 1,000, gidan kalandar ka cike rabinsa.

Duk ƙarshen wata ka leƙa kasuwa ka ji kuɗin keken, don farashi ba ya jiran mai tari. Idan ya tashi, ka sake lissafi. Idan kuma ka ga wata biyu a jere 5,000 na shaƙe ka har ka fara jin haushin zuwan Asabar, ka sauko da ita zuwa 3,500. A wannan zubin, tara naira 150,000 daga farko kusan mako 43 ne. Azumin bana zai wuce ka, sai ka goge ranar ka rubuta ta Babbar Sallah, ka kuma tambayi masu gyaran keke ko akwai na hannu mai lafiya da za a samu da sauƙi.