Yadda ɗalibai za su gina lilon fizis a kwamfuta

Gwajin lilo, wato ƙarfe ɗaure da zare yana kai da komowa, yana cikin waɗanda ɗaliban sakandare ke yi a ɗakin gwaji. Ana iya kwaikwayonsa da layuka kaɗan na Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta. Wanda ba shi da kwamfuta sai ya sa Pydroid 3, manhajar rubuta Python, a wayar Android.

Ku fara da ƙididdigar farko. Tsawon zare L mita 1, ƙarfin jan ƙasa g 9.8, kusurwar da aka ja lilon theta digiri 10, gudun juyawa omega sifili. Sai dt, wato ɗan taƙin lokacin da manhajar za ta riƙa tsallakawa, daƙiƙa 0.01. Nauyin ƙarfen ba ya cikin lissafin ko kaɗan. Ku bar ɗalibai su yi gardama a kan haka, darasi ne mai kyau.

Kafin komai, ku mai da digiri zuwa radiyan, wani ma'aunin kusurwa, da math.radians(10), zai ba da 0.1745. Python radiyan ya sani. In kuka miƙa masa 10 kai tsaye, zai ɗauka digiri 573 kuke nufi, sakamakon ya rikice.

Sai madauki, wanda zai riƙa maimaita layukan nan, inda alpha ke nufin saurin canjin omega, t kuma lokaci:

alpha = -(g/L) * math.sin(theta)
omega = omega + alpha * dt
theta = theta + omega * dt
t = t + dt

A nan gizo ke saƙa. Dole a sabunta omega kafin theta. In aka lissafa theta da tsohon omega, wato hanyar Euler ta asali, kowane taƙi zai ƙara wa lilon ɗan kuzarin da ba shi da tushe. Da dt 0.01, faɗin lilon zai riƙa ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 a kowane zagaye, har ya fara kifewa ta sama ba tare da wani ya tura shi ba. Jerin da ke sama shi ake kira Euler-Cromer, kuma yana riƙe kuzarin daidai gwargwado.

Kada ku yi gaggawar zane. Ku sa manhajar ta rubuta lokacin duk da theta ya tashi daga ƙasa da sifili zuwa sama da shi. Tazarar da ke tsakanin biyu a jere ita ce zagaye guda. Ku gwada da lissafin littafi, T = 2π√(L/g), wanda ke ba da daƙiƙa 2.01. Idan sun yi hannun riga, akwai kuskure a layukanku.

Bayan sun dace, ku ɗaga kusurwar zuwa digiri 60. Zagayen zai ƙaru da kusan kashi 7 cikin 100, domin lissafin littafi ƙananan kusurwoyi kawai yake yi wa aiki. Ku mai da kusurwar digiri 10, ku sa g ya zama 1.62, na duniyar wata, zagayen ya koma kusan daƙiƙa 4.9.

Yanzu zane. Da matplotlib, kayan zanen jadawali na Python, za ku fitar da jadawalin theta da lokaci. Masu son ganin lilon yana motsi su yi amfani da Pygame, kayan haɗa wasanni na Python, su tuna cewa a can y, ma'aunin sama da ƙasa, ƙasa yake ƙaruwa, in ba haka ba lilon zai rataya a kife. Don iska ta riƙa rage masa gudu, ku cire 0.1 * omega daga alpha.