Yadda Za Ka Gane Kukan Motar Lantarki Kafin Ka Kai Ta Suame

Motar lantarki ba ta da rugugin inji, saboda haka ƙaramar ƙara ma tana fitowa fili, kuma direban da ya iya sauraro zai tsira da kuɗinsa. Ka sami shimfiɗaɗɗiyar hanya da sassafe, kafin cunkoson kasuwar Kejetia da ke Kumasi ya kankama, ka kashe rediyo da na'urar sanyi, sannan ka tuƙa a hankali.

Siririn fito da ke tashi idan ka taka totur ba laifi ba ne, domin haka injin lantarki yake. Abin damuwa shi ne gurnani ko ƙarar niƙa da ke ƙaruwa da gudun mota, wadda sau da yawa daga akwatin giya take fitowa. Mutane da dama a Zango suna zaton motar lantarki ba ta shan mai ko kaɗan, alhali akwatin nan yana da mansa. Ka sa a tsiyaye shi a duba, kuma idan ya yi baƙi ko aka ga garin ƙarfe a cikinsa, to haƙoran giya sun fara cin juna.

Idan kuwa ƙas-ƙas kake ji wajen shan kwana, ka leƙa robar da ke rufe mahaɗin sandar taya, domin ramuka da ruwan damina suna yaga ta, giris ya zube.

A Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, ina roƙonka kada ka bari yaron shago ya taɓa wayoyi masu ruwan lemo, domin yawancinsu suna ɗauke da wutar da ta kai kusan bolt 400.