Yadda ƙaramin likitan tiyata zai kula da kansa a Legas

Na daɗe ina kallon ƙannenmu suna zuwa Legas koyon tiyata daga Kano, Zariya da Sakkwato. Kafin shekara ta zagayo, wuya ya riƙe, ido ya faɗa. Maganar cin abinci mai kyau ba zan yi ta ba, ka san wannan.

Fara da gadon tiyata. Kafin ka karɓi wuƙa, sa a daidaita shi yadda wurin yankan zai zo kusa da gwiwar hannunka. In oga ya fi ka tsawo, nemi abin takawa, ba abin kunya ba ne. Aiki in ya yi tsawo, duk bayan minti 30 ɗago kai ka motsa kafaɗu. Safar matse ƙafa kuwa dole ce a wurina, mai araha ma tana yi.

Sai allura. Rigakafin ciwon hanta nau'in B sau uku ake yi: yau, bayan wata ɗaya, sai a wata na shida. Ta ukun ce ake mantawa. Sa safar hannu ninki biyu, ɗaya a kan ɗaya. In allura ta soke ka, wanke da sabulu da ruwa, kada ka matse wurin, ka faɗa nan take. Maganin kariya daga HIV cikin awa 72 ake fara shi, a sha kwana 28.

Inda ni na kusa halaka shi ne bayan aikin kwana. Na fito ƙarfe tara na safe ban runtsa ba, na ce ai Agege ba nisa, na ja mota. A cikin gosilo gyangyaɗi ya sace ni, sai ihun wani kwandastan danfo, ƙaramar bas ɗin haya ta Legas, na ji, saura ƙiris in shige ƙarƙashin tirela. Barci ɓarawo ne, ba ruwansa da digirinka. Tun ranar, dokata ɗaya: ba na taɓa sitiyari sai na kwanta awa ɗaya a ɗakin likitoci, waya a kashe. In ɗakin ya cika, bar motar ka hau BRT, manyan bas ɗin haya na Legas, ko tasi. Kuɗin tasi na ciwo, amma bai kai na mai gyaran mota ba, balle na gado a asibitin ƙashi na Igbobi. Shayi mai kauri yana ruɗinka ne kawai. A watan azumi ma sai ka ninka hattara.

Ranar da majiyyaci ya rasu a hannunka, kada ka wuce gida da abin a ciki. Samu babba ɗaya da ka yarda da shi, ku bi aikin daki-daki. In sati biyu suka wuce barci ya ƙi, ko ka fara jin tsoron shiga ɗakin tiyata, je ka ga likitan ƙwaƙwalwa. Akwai su a asibitin Yaba, kuma kada ka rubuta wa kanka maganin barci.